Francis Crick: Masanin da ya buɗe ƙofar fahimtar saurin ƙera furotin

An haifi Francis Crick ranar 8 ga Yuni, 1916, kusa da garin Northampton na Ingila. Kimiyyar fiziks ya karanta a Landan, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa rundunar sojan ruwan Birtaniya aikin ƙera nakiyoyi. Sai da ya haura shekara 30 sannan ya karkata akalarsa zuwa ilimin halittu a Cambridge.

A 1953 shi da James Watson suka bayyana siffar DNA, suna masu dogaro da bayanan da suka haɗa da na Rosalind Franklin. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel a 1962 tare da Maurice Wilkins.

Tambayar da ta ci gaba da ci masa tuwo a ƙwarya ita ce yadda ƙwayar halitta ke mayar da saƙon DNA ya zama furotin. A 1961 shi da Sydney Brenner da abokan aikinsu suka nuna cewa harafi uku-uku ake karanta saƙon. Kowane rukuni shi ake kira kodon. Kodon 64 ne, 61 daga ciki na wakiltar sinadaran amino asid 20 kacal, wato sinadari ɗaya kan mallaki kodon fiye da ɗaya.

Tun kafin a gano tRNA, Crick ya yi hasashen akwai wani ɗan aike da ke kai kowane sinadari wurin da kodonsa yake. A 1966 ya ƙara da cewa harafi na uku ba ya kamawa kam, don haka tRNA ɗaya kan iya karanta kodon da dama.

A kan wannan tubali magabatan fannin suka ɗora. Daga baya aka gano cewa kodon masu ma'ana ɗaya ba gudunsu ɗaya ba. Wanda tRNA ɗinsa ke da yawa nan take ake karanta shi, wanda nasa ya yi ƙaranci kuwa sai ribosom, injin ƙera furotin, ya dakata jira. Shi ya sa masu haɗa magunguna, har da rigakafin korona na mRNA, suke zaɓen kodon da idon basira.

Crick ya koma cibiyar Salk a Amurka, inda ya duƙufa kan binciken ƙwaƙwalwa. Ya mutu a San Diego ranar 28 ga Yuli, 2004, yana da shekara 88, bayan fama da cutar daji.