Henri Michaux (1899–1984): Sha'irin da Ya Koma ga Tawada

An haifi Henri Michaux a garin Namur na ƙasar Beljiyam a shekarar 1899, ya kuma tashi a Burasel. Ya fara karatun likitanci amma bai kammala ba, sai ya shiga aikin jirgin ruwa a 1920. A 1924 ya tare a Faris, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake bai karɓi takardar zama ɗan Faransa ba sai a 1955.

Da waƙa da zube aka fara saninsa. Tafiyarsa zuwa Kudancin Amurka ta haifar da littafin Ecuador a 1929, ta Indiya da Sin da Japan kuma ta haifar da Un barbare en Asie a 1933. Duk da wannan suna, Michaux bai taɓa amincewa da kalma ba. A ganinsa harshe gado ne da aka ɗora wa mutum, wanda wasu suka riga suka tsara, kuma kalma takan daskarar da abin da ke motsi a zuci kafin ya fito. Wannan zargi shi ne ginshiƙin aikinsa na zane.

Bayan ya ga ayyukan Paul Klee a tsakiyar shekarun 1920, ya zana wasu shafuka biyu a 1927 waɗanda ya sa wa suna Alphabet da Narration. Layuka ne na alamomi a jere kamar rubutu, sai dai babu harafi ko ɗaya da za a iya karantawa. Ido yakan bi sahu yana jiran ma'ana, bai kuma samu ba, sai motsin hannun da ya ja layin. Rubutun Sinawa, wanda ake yi da burushi da tawada, ya ƙarfafa masa wannan ra'ayi, domin a can ya tarar da al'adar da ba ta raba rubutu da zane ba. Ya koma kan batun a ɗan littafinsa Idéogrammes en Chine na 1975.

A 1948 matarsa Marie-Louise ta rasu sakamakon ƙunar wuta, daga nan kuma zane ya ƙara rinjayar aikinsa. A farkon shekarun 1950 ya fitar da Mouvements, tarin zane-zane da baƙar tawada a kan farar takarda. Kowace alama ɗigo ce mai rassa, wadda mai kallo zai iya ɗauka mutum ne ke gudu, ko rawa, ko faɗuwa, kafin ta koma tabon tawada kawai. Da sauri yake yin su, ba tare da gyara ba, tun da tawada ba ta goguwa idan takarda ta sha ta. Nan ne ƙarfin aikinsa yake, fiye da zanen da suka fi jawo masa suna daga baya.

Waɗannan na baya sun fito ne daga gwajin da ya fara a tsakiyar shekarun 1950 da meskalin, sinadari mai jirkita gani da ji. Ya bayyana abin da ya fuskanta a Misérable miracle na 1956, tare da zane na siraran layuka masu karkarwa, cunkushe a shafi. Taken littafin kansa ya nuna bai ɗauki abin a matsayin ni'ima ba.

Mutum ne mai gudun idon jama'a, ba ya son a ɗauke shi hoto. Ya sami kyautar Einaudi a bikin baje kolin fasaha na Benis a 1960, amma a 1965 ya ƙi karɓar babbar kyautar adabi ta ƙasar Faransa. A 1978 Cibiyar Pompidou da Gidan Tarihi na Guggenheim a Niyok suka baje kolin ayyukansa. Ya rasu a Faris a watan Oktoba na 1984, shekarar da aka buga Par des traits, littafin da alamomin tawada suka cinye mafi yawan shafukansa.