Kolinyi, Sarkin Yaƙin Faransa

Mun saba kawo muku labarin masu bishara, amma yau na mayaƙi ne. An haifi Gasfar Kolinyi a 1519 a gidan sarauta. A 1557 ya tsare garin San Kantan har Sifaniyawa suka kama shi. Can cikin kurkuku ya duƙufa kan Littafi Mai Tsarki, ya fito yana bin koyarwar Kalbin. Sa'anda yaƙin addini ya tashi a 1562, sai da matarsa ta matsa masa kana ya zare takobi. Mu dai ba mu yabon jinin da aka zubar. Ran 24 ga Agusta 1572, da dare, barorin magabcinsa Giz suka soke shi a Faris, suka jefo gawarsa ta taga. Daga nan aka shiga kashe 'yan'uwansa masu bi, dubbai.