LIKITA BAIKIE, BATUREN DA YA SHIGO KWARA DA KWININ

Duk matafiyin da ya taso daga Kontagora za shi Ikko, sai ya ƙetare Kogin Kwara a Jebba. To, kusa da nan ne jirgin ruwan Likita William Baikie, mai suna Dayspring, ya bugi dutse ya fashe cikin 1857.

An haifi Baikie a 1825 a Kirkwall, can arewacin Sikotilan. Ya yi ilmin likita a Edinburgh, sa'an nan ya shiga sojan ruwa. A zamanin nan zazzaɓi shi ne dodon Turawa a Kwara. Ayarin da Ingila ta aiko a 1841 ya yi hasarar fiye da mutum 40, galibi zazzaɓi ne ya kashe su. Da aka sake shiri a 1854, sai madugun tafiyar, John Beecroft, ya rasu tun ba a shiga kogi ba, ragama ta faɗo hannun Baikie. Ya kafa doka kowane Bature ya sha kwinin kullum, ko da lafiyarsa ƙalau. Jirginsu Pleiad ya hau Binuwai, suka yi kusan wata 4, suka komo ba wanda ya mutu. Abin mamaki, ba su ma san sauro ke kawo cutar ba, sai a 1897 aka gano haka.

Bayan haɗarin Jebba bai koma gida ba. Ya zauna a Lakwaja, ya buɗe kasuwa, ya yi hulɗa da Sarkin Nufe Masaba, ya koyi Hausa, har ya je Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo cikin Disamba 1864, a kan hanyarsa ta komawa gida. Ƙofar da kwinin ya buɗe kuwa ba fatake kaɗai suka bi ta ba: a Lakwajan nan Lugga ya kafa tutar Ingila a 1900.

Daga baya kulorokwin ya maye gurbin kwinin, amma tun shekarun 1980 ƙwayar cutar ta fara gagararsa a Nijeriya, har gwamnati ta koma ga maganin atemisinin a 2005, wanda ake samu daga tazargade. Shi ma an ga alamun ya fara rauni a Ruwanda da Yuganda, shi ya sa masana suka duƙufa neman sabo. Kwinin ɗin Baikie dai har yanzu likitoci kan ɗauko shi idan zazzaɓi ya tsananta kuma ba allurar atesunet a kusa.