Likita Andrija Stampar, Mai Kishin Talakawa

An haifi Stampar cikin 1888 a wani ƙauye na ƙasar Kuroshiya, ubansa malamin makaranta ne. Ya ƙare ilmin likita a Biyana cikin 1911. Da aka danƙa masa sha'anin lafiya na Yugoslabiya cikin 1919, sai ya dage a kan likita shi zai nemi talaka, kada kuma abincinsa ya rataya ga aljihun majinyaci. Ya baza ɗakunan magani cikin ƙauyuka. Abin bai yi wa manya daɗi ba, aka tuɓe shi cikin 1931. Jamusawa kuma suka tsare shi lokacin yaƙin Hitila. Duk da haka, shi ya shugabanci babban taron farko na Ƙungiyar Lafiya ta Duniya a Janeba cikin 1948. Ya rasu a Zagreb cikin 1958.