Richard Lander da Ƙanensa John (1804–1839)

Gabatarwa

Sunan Lander ba shi da yawa ko a Ingila, amma mutum biyu da suka amsa shi, wa da ƙane, sun shiga tarihin Nijeriya ta hanyar kogin Kwara. Richard, wanda shi ne babba, bai zo ƙasar Hausa a matsayin madugu ba. Bara ne mai kula da kayan ubangidansa. Duk da haka, shi ya warware wa Turawa tambayar da ta ci rayukan manyansu tun zamanin Mungo Park, wato inda wannan kogi yake zuba ruwansa.

Haihuwarsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

An haifi Richard Lander ranar 8 ga Fabrairu, 1804, a garin Truro da ke yankin Cornwall. Mahaifinsa mai gidan saukar baƙi ne. Bai yi nisa a karatu ba, domin tun yana yaro ya shiga barantaka, yana bin iyayen gidansa ƙasashe har Afirka ta Kudu. A shekarar 1825 ya nemi aiki wurin Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, lokacin da yake shirin komowa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello karo na biyu.

Sun sauka Badagiri a ƙarshen wannan shekara. Kafin su yi nisa, zazzaɓi ya kashe sauran Turawan ayarin, ya rage daga Clapperton sai baransa. Suka ratsa ƙasar Yarabawa da Bargu da Nufe da Zazzau, suka iso Kano a 1826. Tafintansu wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda ya yi aiki a jiragen ruwan yaƙin Ingila har ake kiransa Pasko. A wannan tafiya ce Richard ya koyi Hausa a bakin fatake da 'yan alaro, ba tare da ƙamus ko littafin nahawu ba, don babu su a lokacin. Saboda gajartarsa mutane suka laƙaba masa Nasara Ƙarami. Yadda ya rubuta laƙabin a littafinsa abin nazari ne ga ɗalibin harshe: kunnensa bai kama bambancin k da ƙ ba, sai ya fara kalmar da harafin c na Ingilishi.

Sun tarar da Sakkwato cikin yaƙi da Barno, saboda haka Sarkin Musulmi ya hana Clapperton wucewa wurin Shehu Laminu. Cuta ta kama shi, ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827. Richard, yana ɗan shekara 23, shi ya yi jinyarsa, ya binne shi, ya tattara takardunsa, ya kama hanyar teku. A Badagiri masu cinikin bayi suka zarge shi da leƙen asiri, aka tilasta masa shan gwaska. Ya sha, ya yi sauri ya amayar, ya tsira. Ya isa Ingila a 1828.

Tafiyar 'Yan'uwa Biyu

Har wannan lokaci masanan Turai suna ta gardama. Wasu na cewa Kwara yana haɗuwa da kogin Nilu, wasu na cewa a Tafkin Cadi yake ƙarewa, wasu kuma suna ganin shi ne kogin Kwango. Gwamnatin Ingila ta yarda ta sake tura Richard, amma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba: fam 100 ga matarsa, fam 100 gare shi in ya komo. Ƙanensa John, wanda ya koyi aikin ɗab'i kuma ya fi shi iya alƙalami, ya bi shi ba tare da an yi masa alkawarin ko anini ba.

Sun sauka Badagiri a Maris, 1830, suka isa Busa a watan Yuni. Daga nan suka haura Yawuri neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa, ba su sami abin kirki ba. A watan Satumba suka shiga kwalekwale suka bi ruwa. Sun wuce Raba da Egga, suka ga mahaɗar Kwara da Binuwai a Oktoba. Can kudu aka far musu, aka kwashe kayansu, wani sashe na rubuce-rubucensu ya nutse, aka kai su gaban Obi na Abo. Wani attajirin Brass da Turawa ke kira King Boy ne ya fanshe su, ya kai su bakin teku a watan Nuwamba. Nan ta tabbata cewa rafuffukan da Turawa suka daɗe suna sayen manja a bakinsu su ne ƙarshen Kwara.

Littattafan Turai sukan ce 'yan'uwan sun gano bakin kogin. Ya kamata mai koyarwa ya auna wannan kalma kafin ya kai ta aji. Nufawa da Kakanda da Ibo da Ijo sun daɗe suna fatauci a kan ruwan, kuma matuƙansu ne suka tuƙa baƙin. Abin da Richard da John suka yi shi ne bin kogin daga Busa har teku a tafiya ɗaya, da kuma rubuta abin da suka gani. An buga labarin tafiyar cikin juzu'i uku a 1832, ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan kuma ta ba Richard kyautarta ta farko.

Ƙarshen Rayuwarsu

Attajiran Liverpool ba su yi wata-wata ba. A 1832 Macgregor Laird ya shirya jiragen ruwa biyu masu tafiya da tururi, Richard yana jagora. Sunayen jiragen daga nan aka aro su: ɗaya Kwara, ɗaya Albarka. Albarkar ba ta samu ba, domin cikin Turawa 48 tara kaɗai suka rayu. A farkon 1834 aka harbi Richard a cikin rafuffukan kudu, aka kai shi tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ya rasu a watan Fabrairu, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 30. John ya sami aikin kwastan a Ingila, ya rasu a 1839.

Hanyar ruwan da suka nuna ita kamfanonin Ingila suka biyo, har ta kai ga kafa Kamfanin Neja a 1886, da ɗaga tutar mulkin mallaka a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900. Tsohon garin Busa, inda suka shiga kwalekwale, yana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968.