Kaftin Walker, madugun ayarin teku

A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, rayuwar Ingila ta rataya ne a kan jiragen ruwa na kaya. Tsibiri ce, ba ta noma abin da zai ishe ta ci. Alkama da man fetur da makamai suna zo mata daga Amurka da Kanada, man ja da gujiya kuma daga Afirka ta yamma, ta hanyar Firtawun ta ƙasar Saliyo. Jamusawa suka ƙudura su yanke wannan hanya da jiragen ƙarƙashin ruwa, don yunwa ta sa Ingila ta miƙa wuya. Saboda haka jiragen kaya suka riƙa tafiya ayari-ayari a tekun Atalantika, jiragen yaƙi na rakiya suna kewaye da su, kamar yadda fatake ke ratsa daji tare da masu makamai. Cikin madugan wannan rakiya babu wanda ya kai Frederic John Walker suna.

An haife shi a garin Plymouth ranar 3 ga watan Yuni 1896, ya shiga makarantar sojan ruwa yana da shekara 13, ya kuma yi yaƙin duniya na farko a cikin ƙananan jiragen yaƙi. Bayan yaƙin sai ya zaɓi koyon farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, aikin da manyan hafsoshi ba su ɗauka da daraja ba a zamanin. Wannan zaɓi ya jawo masa tsaiko, aka yi ta ƙara wa tsararrakinsa girma ana tsallake shi. Da yaƙi bai ɓarke ba, da ya bar soja ba wanda ya san shi. Ko da ya ɓarke ɗin ma, a ofis aka ajiye shi a Dover, sai a watan Oktoba 1941 aka ba shi rundunar rakiya, yana cikin jirgin da ake kira Stork.

Aikin yau da kullum ya fi kama da gadi. A Libaful akwai wani ofishi a ƙarƙashin ƙasa, inda sojan ruwa da sojan sama ke zaune wuri ɗaya gaban wata babbar taswira, mata ƴan soja suna gusa alamar kowane ayari dare da rana. Da asuba jiragen sama kan tashi su yi ta shawagi sa'o'i da yawa bisa ruwa, sau tari su komo ba su ga kome ba. Amma shawagin ba banza ba ne, gama jirgin ƙarƙashin ruwa na lokacin ya fi sauri idan yana saman ruwa, da ya hangi jirgin sama dole ya nutse, in ya nutse kuwa ayari ya wuce ya bar shi. A cikin jiragen rakiya kuma, mutum na zaune da abin saurare a kunne, na'ura tana aika ƙara cikin ruwa, yana jiran amsa-kuwa daga ƙarfen abokin gaba. Sanyi da igiyar ruwa da rashin barci, su ne abincin kullum.

A watan Disamba 1941 Walker ya rako ayarin jirage 32 daga Jibiralta zuwa Ingila. Tare da su akwai Audacity, ƙaramin jirgin ruwa mai ɗauke da jiragen sama, waɗanda ke korar jiragen leƙen asirin Jamus. Kwanaki aka yi ana gwabzawa. Jamusawa suka nutsar da Audacity da wani jirgin rakiya da jiragen kaya biyu, rundunar Walker kuwa ta halaka nasu huɗu, ɗaya daga ciki shi da kansa ya banke shi da goshin Stork. Jirage 30 suka isa lafiya. A nan aka gane abin da ya daɗe yana so a gane, wato mai rakiya kada ya tsaya jiran ɓarawo a jikin ayari, ya bi shi har inda ya ɓuya.

A watan Mayu 1943 Jamus ta yi hasarar jiragen ƙarƙashin ruwa fiye da 40, bayan an samu jiragen sama masu dogon zango da suka rufe tsakiyar teku. A shekarar ce aka ba Walker wata runduna wadda ba ta ɗaure da kowane ayari, yana cikin jirgin Starling, aikinta farauta kurum. Ya fito da wata dabara mai ban mamaki. Da ma matsalar ita ce, idan jirgin rakiya ya matso kusa don ya saki bama-bamai, na'urar saurare kan rasa abokin gaba, shi kuma da ya ji ƙarar inji a kansa sai ya kauce. To, Walker sai ya tsayar da jirgi ɗaya daga nesa yana saurare, ya sa wani ya lallaɓa sannu-sannu, na'urarsa a kashe, na nesa yana yi masa jagora har ya zo daidai kan abokin gaba. Bama-bamai kan sauka kafin na ƙasa ya farga. Dabarar tana bukatar haƙuri ƙwarai. A watan Yuni 1943 ya yi wajen sa'a 15 yana bin jirgi guda, har iskar numfashi ta ƙare masa ya taso sama.

A watan Agusta na shekarar, ɗansa, wanda ke aiki cikin jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila, ya ɓace tare da jirgin a tekun Bahar Rum. Uban bai ajiye aiki ba. Daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu 1944, a fita ɗaya, rundunarsa ta nutsar da jiragen Jamus shida, mutanen Libaful suka fito bakin tashar jirage suna yi musu barka. A watan Yuni aka ɗora masa tsare jiragen da suka sauke sojan ƙawance a Normandi, ya yi makonni kusan ba hutu.

Shugabanninsa sun ga gajiyar da ke jikinsa, amma ba su da kamarsa, shi ma ba mai neman hutu ba ne. Ranar 7 ga watan Yuli 1944 jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar 9 a asibitin sojan ruwa kusa da Libaful, yana da shekara 48, aka danganta mutuwar da yawan aiki. Bayan addu'a a babbar majami'ar garin, jirgin Hesperus ya ɗauki gawarsa aka saka ta cikin teku. Yawancin mutanensa ba su halarta ba, domin sun riga sun koma bakin aiki. A 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin ruwan Libaful, yana fuskantar kogin da jiragensa ke bi su fita.