James Murray: Mutumin da Ya Nema wa Kowace Kalma Shaida

An haifi James Murray ran 7 ga Fabrairu 1837 a ƙauyen Denholm na ƙasar Sikotilan. Rashin hali ya raba shi da makaranta yana ɗan shekara 14, amma bai raba shi da karatu ba, domin da kansa ya yi ta koyon harsuna. Ya yi malanta, ya yi akawun banki a Landan, sa'an nan ya koma koyarwa a makarantar Mill Hill.

A 1879 aka damƙa masa shirya sabon ƙamus na Ingilishi, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oksfod za ta buga. Manufar ita ce kada a yanke wa kalma ma'ana da ka. Sai an bi sawunta cikin rubuce-rubuce tun farkon bayyanarta, an ga yadda ma'anarta ta sauya. Kalmar *deer*, alal misali, a da kowace dabba take nufi, daga baya ta tsaya ga dangin barewa kaɗai.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum guda. Don haka Murray ya roƙi masu karatu a Birtaniya da Amurka su riƙa kwafo jimloli a kan ƴan takardu, kowace da sunan littafi da shekara da shafi. A wata rumfar kwano da ya kafa kusa da gidansa yake tara su, ƴaƴansa goma sha ɗaya kuwa, duk wanda ya tasa sai ya shiga aikin jera su baƙi-baƙi.

An yi zaton shekara goma ta isa. Amma da kashi na farko ya fito a 1884, a kalmar *ant*, wato tururuwa, ya tsaya. Masu buga littafin suka matsa masa ya gaggauta, ya kuma taƙaita. Shi kuwa ya yi ta ja da su, don a ganinsa ma'anar da ba ta da shaida ba abin dogaro ba ce.

Murray ya rasu ran 26 ga Yuli 1915, yana kan harafin T. Sai a 1928 abokan aikinsa suka kammala ƙamus ɗin, da kalmomi fiye da 400,000. Kusan rabinsa a hannunsa aka shirya shi.